Hoton da Babu a Cikin Manhaja

Ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu na yamma aka sallamo Injiniya daga asibiti, da tabo a gefen kansa da kwamfutar hannu a cinyarsa. Matarsa Amarya ta tarbe shi a bakin ƙofa. Ya dube ta cikin ladabi ya ce, “Sannu, Nas.”

Likita ta riga ta yi musu bayani. Buguwar da ya yi a haɗarin mota ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, fuskoki ba sa zama masa. Ta ba su manhajar da ake zuba hotunan 'yan gida, ya taɓa hoto ya ji murya ta faɗa masa ko wane ne, kullum, har ya riƙe. Yayansa ne ya zuba hotunan. Ya sa Inna mahaifiyarsu, ya sa kansa, ya sa ƙanwarsu Auta, har da maigadi. Bai sa Amarya ba, sannan ya kulle da fasawod, wato lambar sirri.

“Ba don ke kika matsa ya je ɗauko ki cikin ruwan sama ba, da yana nan lafiyarsa ƙalau,” in ji yayan. Inna tana zaune, ta kawar da kai.

Amarya ce ke masa wanka, ita ke ba shi magani, ita ke riƙe masa kwamfutar yana taɓa fuskokin wasu. Ta sha gaya masa, “Ni ce matarka.” Sai ya laluba hotunan har ƙarshe, ya ce, “Ba kya ciki. Don Allah kada ki ruɗa ni.” Ranar da ta nuna masa hoton aurensu na bango, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ta su waye waɗannan. Ciwon kai ya kwantar da shi wuni guda, daga nan ta daina.

Abin da ya fi cin ranta shi ne bai manta yana da mata ba. Da la'asar yakan zauna ya zuba wa ƙofa ido.

“Nas, yau ma ba ta zo ba?”

“Tana nan tafe.”

“Ko fushi take da ni?”

Sai ta shige kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Ta koma kamar inuwa a gidanta, tana shafa turaren da ya saya mata, yana juyowa yana neman mai shi a bayanta.

Auta ta ce, “Anti, wallahi ki bar ni in saci fasawod ɗin nan. Yaya ranar haihuwarsa yake sa wa komai.”

“Ba zan shiga zuciyar mijina ta taga ba. Bar su.”

Wata safiya Inna ta zo dubiya. Amarya na tsakar gida tana shanya, ta ji Injiniya ya rage murya.

“Inna, ki sallami nas ɗin nan.”

“Laifin me ta yi maka?”

“Ba ta yi komai ba. Ni ne. In ta fita sai in ji gidan ya yi duhu. Inna, ina da mata, ko ba ta zuwa matata ce. Ina tsoron Allah, kada in ci amanarta.”

Inna ta fashe da kuka, ta ɗaga waya ta kira babban ɗanta.

“Zo yanzu da lambar nan taka. Mun raba su a manhaja, Allah ya ƙi raba su a zuci. Wanda ya zalunci mai haƙuri kansa ya cuta, ga shi ɗan'uwanka muka azabtar.”

Yaya ya zo yana sunkuyar da kai, ya buɗe manhajar. Auta ta ɗauki hoton Amarya da jiƙaƙƙen hannu da kumburarrun idanu. Inna ta karɓi kwamfutar ta naɗi muryarta da kanta: “Wannan matarka ce. Ba ta taɓa tafiya ba.”

Injiniya ya taɓa hoton, ya saurara, ya ɗaga kai ya dubi Amarya. Ya sake taɓawa.

Fuskoki ba su gama dawo masa ba. Amma kafin shekara ta zagayo ya iya gane ta ba tare da ya buɗe kwamfutar ba, likita kuma ta cire hotonta daga darasin.