Birki Sau Uku

Da hantsi injin ya tashi. Kwanon rufin garejin ya ɗauki rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Makaniki na tsaye da sifana a hannu. Bai yi murmushi ba.

Motar ta mahaifinsu ce. Baƙa, doguwa, ta haura shekara hamsin. Tun rasuwar tsohon shi yake goge ta duk mako. Yanzu ya yanke mata hanci, ya cusa mata injin babbar mota mai shan dizal, ya ƙara sifirin a gaba don kada ta durƙusa. Ba da son ransa ba. Ƙaninsa, Auta, shi ke tuƙa wa Mai Tabo da yaronsa Guntu mota idan za su fashi. Kwana goma baya Mai Tabo ya ajiye bindiga a kan bencin garejin, ya ce a zaɓa, ko mota ko gawar Auta. Dabararsa ita ce babu ɗan sandan da zai kalli tsohuwar mota sau biyu, kuma da wannan injin za ta ture ƙofar ƙarfe.

Makaniki ya ce aiki bai ƙare ba. Akwai famfon birki da bai iso ba, a ba shi kwana biyu. Mai Tabo ya yi dariya, ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin makanikin da bai ce kwana biyu ba. Yau ne, ba gobe ba. Ya juya yana zuba harsashi.

Makaniki ya ja Auta bayan motar. Ya ce masa injin fetur yana zuƙar iska, da wannan zuƙar birki ke samun ƙarfi. Injin dizal ba ya yi. Don haka ya ɗaura ɗan tanki, ya zuƙe masa iska da injin wata mota. Abin da ke ciki ba shi da yawa.

"Sau uku za ka taka ta tsaya. Na huɗu dutse za ka taka. Ka riƙa rage gudu da giya."

"Yaya, in suka ƙare fa?"

"Ka sauka."

Ƙarfe sha biyu saura, mai gadin shagon gwal yana zaune a bayan ƙofar ƙarfe yana gyara takalmi. Ya ji rurin babbar mota. Ya leƙa, ya ga tsohuwar mota. Bai gama haɗa biyun ba — ƙofar ta ɓalle ta faɗo masa! Motar ta bi ta kai, ta nufi bangon shagon. Auta ya taka. Ta tsaya. Ɗaya ke nan.

Mai Tabo da Guntu suka dira. Harbi biyu a sama. Masu saye suka zube. Mai shagon ya miƙa makulli, yana roƙon a bar shi ya duba mai gadi. Guntu ya kwaɗa masa gindin bindiga. Matar mai shagon tana ɗakin baya, kwance a ƙarƙashin tebur, waya a bakinta tana raɗa wa 'yan sanda.

Minti huɗu suka fito da jaka biyu.

Sufeto yana mahaɗar titi da mota ɗaya da kurata uku sa'ad da kiran ya zo. Aka ce masa tsohuwar baƙar mota. Ya ce wa direbansa kada ya wahalar da kansa da kallo, ya bi hayaƙi.

Auta na tafe da giya, yana ragewa yana ƙarawa, ƙafarsa nesa da birki. Gumi ya jiƙa masa riga. Sitiyarin ya yi nauyi kamar ana jan sa da sarƙa. A bakin kasuwa wani dattijo ya turo baro cike da bulo tsakiyar titi.

"Bi ta kansa!" in ji Mai Tabo.

Auta ya taka. Dattijon ya tsallake yana zagi. Biyu. Mai Tabo ya mari Auta a ƙeya, ya ce ashe malami suka ɗauko ba direba ba.

Suka fita gari. Jiniya na matsowa. A kan tudu, kafin gangaren da ke sauka zuwa gada, Mai Tabo ya ce a tsaya. Auta ya ce ba a nan ba. Ya ji sanyin bakin bindiga a wuyansa. Ya taka.

Uku.

Mai Tabo ya zagayo ya finciko shi waje. Ya ce 'yan sanda na buƙatar abin da zai tsayar da su, kuma rabon mutum biyu ya fi na uku. Ya harbe shi a gwiwa, ya shige mazaunin direba.

Auta na kwance a kwalta. Ya buɗe baki zai yi maganar birki. Ya dubi gwiwarsa. Ya rufe bakin.

Sufeto ya iso kan tudun, ya bar kurtu ɗaya da mai raunin, ya tsaya yana kallon ƙasa. Baƙar motar na sauka a guje. Kafin gadar akwai kwana mai kaifi. Ya ga jajayen fitilun baya sun kama. Sun kama, sun ƙi mutuwa — motar ba ta rage ko kaɗan ba! Tayoyin gaba suka juya, nauyin injin ya ƙi bin su. Ta miƙe ta daki kan gadar. Ƙarar ta iso tudun bayan ƙurar ta tashi.

Mai Tabo da Guntu a nan kwanansu ya ƙare. Injin ya shigo ciki ya same su. Mai gadi ya cika a hanyar asibiti, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Auta ya rasa ƙafa, aka ba shi shekara ashirin da ɗaya. Makaniki bakwai.

Kafin shari'a an kai Makaniki da ankwa ya ga abin da ya rage na motar mahaifinsa. Ya daɗe yana kallo. Sufeto ya tambaye shi ko ya san birkin zai ƙare.

Makaniki bai ɗago ba.

"Na ce masa kwana biyu."