Bangon da Ya Danne Malam Hamisu

Ruwa bai gama ɗaukewa ba aka kira komisariya, ofishin 'yan sanda: bangon wani sabon gini a bayan garin Tawa ya rufta kan wani tsohon makiyayi, Malam Hamisu, da ya fake a gindinsa. Kafin Insfekta Sadiƙu ya iso, an ɗauke gawar, jama'a sun tattake wurin kaf. Ya ja tsaki.

Gidan na Hajiya Ramla ne, 'yar kasuwa a Yamai. Ƙanenta Faisal, mai kula da aikin, shi ya tarbe shi.

"Insfekta, magini za ka kama. Muktari ya cuce mu."

Aka kawo Muktari, idonsa jawur.

"Harsashin ya karkata, ranka shi daɗe," in ji shi. "Gabas ya fi yamma ƙasa da taƙi guda. Na ce sai an fasa an sake zubawa. Faisal ya kore ni, na koma Barmu ban ɗora bulo ko ɗaya ba."

"Ƙarya yake! Ni ina Kalfu duk makon," in ji Faisal.

"To wa ya yi ginin?"

Leburori suka sunkuyar da kai. Sadiƙu ya yi ta tambaya har muryarsa ta dushe.

Ya tsuguna gindin bangon, ya kankare shi da makullin mota. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, jar laka ta bayyana. Ashe da ita aka cike gangaren, aka shafe, aka ɗora bulo. Da ruwa ya shiga, ta narke.

A tsallaken hanya akwai Hajaratu mai fura.

"Ni ban ga komi ba, ɗana."

"Inna, mutum fa ya mutu."

Ta daɗe tana juya ludayi. "Ran Juma'a Ashiru mai amalanke ya kawo laka."

Ashiru ya rantse taki ya kai gona. Sai da Sadiƙu ya nuna masa jar lakar da ta bushe a katakon amalanken, sannan ya sauke murya.

"Faisal ya aike ni. Yana tsaye munka sauke."

A komisariya aka haɗa Faisal da Ashiru ido da ido. Sai hawaye suka zubo wa Faisal.

"Yaya ta ce tana tafe duba aiki. Kullum cewa take ban iya komi ba. In ta iske ana fasa harsashi, ina zan sa kaina? Na sa leburori sunka cike. Wallahi da munka aza ma'auni, bangon daidai yake."

"Daga sama," in ji Sadiƙu.

Ana sa wa Faisal ankwa wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Hajiya Ramla ce.

Sadiƙu ya tura masa ita. "Gaya mata da bakinka."

Faisal ya kau da kai. Tana ta ƙara har aka fita da shi.