Injin da Ƙanin Mijina Ya Ɗora Mini

Shekara ashirin da biyu ina aikin ungozoma a asibiti, kuma wanda ya saba da jini da ihu ba ƙaramin abu ke firgita shi ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce tsohuwa ta ga inuwarta ta ruɗe.

Injin motata ya buga, sai ƙanin mijina, wanda bakanike ne, ya samo na hannu ya ɗora mini. Ranar da na je ɗauka sai washe baki yake yi.

"Matar yaya, wannan injin ko sabo albarka. Ki dai riƙa tuna shekarunki in kin hau titi."

"Ka ci gidanku. A ina ka samo shi?"

"Ke dai murza makulli ki ji," in ji shi. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, bai kalle ni ba.

Kwana biyu motar na yi mini wani abu. Ina tsaye a mahaɗar hanya sai injin ya yi gurnani, ta zabura kaɗan, ta lafa. Na mayar masa. Ya duba totur, ya janye shimfiɗar ƙafa ko ita ke danne shi, ya ce lafiyarta ƙalau, ƙafata ce ta yi nauyi.

Rana ta uku, dab da magariba, na tashi kai wa Innata maganin hawan jini. Gidanta na bayan gari, tafiyar rabin awa a sabon titin da ba a gama ba. Titin ya ƙare ne a bakin gadar da ake ginawa, inda aka jera manyan tubalan siminti. Dole mutum ya rage gudu sosai ya karya hagu, ya bi turɓaya. Bayan tubalan kuwa kwazazzabo ne.

Na bar gidajen ƙarshe a baya, ba kowa a titin. Rana ta yi ja.

Sai totur ya nutse ƙarƙashin ƙafata.

Ba ni na taka ba. Na ɗage ƙafar gaba ɗaya, ya ci gaba da nutsewa. Injin ya ɗauki kuka, allurar gudu ta haura ɗari. Na taka birki, na ji shi laushi kamar na taka soso. Na ja giya, ta ƙi motsi. Na murɗa makulli, ya kafe. Maɓallan ƙofofi huɗun suka faɗa tare, ƙas.

Na fara salati. Can sai gudun ya ragu da kansa, amma motar ba ta tsaya ba. Na dubi agogon gaban mota, don hannuna da idona sun saba da haka. Bakwai saura kwata.

Sannan na ji warin. Na san warin fetur, na san na ƙonewar taya, wannan ba ɗayansu ba ne. Ƙarnin ruwan faya ne da jini, irin wanda ke cika ɗakin haihuwa.

Bayan minti uku daidai, wani ya yi nishi a kujerar baya. Muryar mace, ƙasa-ƙasa, ta cije baki. A lokacin ne totur ya sake nutsewa.

Na kalli madubi. Ba kowa.

Wani sanyi ya kwanta a kan ƙafata ta dama, mai nauyi, kamar ƙafar namiji cikin takalmi. Numfashi ya bugi kunnena.

"Daure," in ji muryar namiji, cikin raɗa. Ba da ni yake ba. "Daure, mun kusa asibiti."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Fitsari ya kusa kufce mini. Na bugi gilashi da gwiwar hannu, ko tsagewa bai yi ba.

Motar ta lafa. Na ƙirga. Minti biyu, nishi ya dawo, injin ya amsa.

A nan na gane. Duk lokacin da ciwo ya murɗe ta, shi kuma ya taka. Tazarar tana raguwa, kuma na san abin da hakan ke nufi fiye da kowa.

"Bawan Allah," na ce, "ni ungozoma ce. Ɗaga ƙafarka."

Ko gezau. Na san irinsu, na sha ganinsu suna safa da marwa a bakin ɗakin haihuwa. Ba sa jin maganar kowa sai sun ji kukan jariri.

Daga nesa na hango fitilar ja da aka kafa a kan tubalan.

Na cire ƙafata daga birkin da ba ya aiki. Na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na miƙa ɗayan baya ba tare da na waiwaya ba.

Aka cafke shi.

Hannu ne siriri, jiƙe, mai sanyin ƙanƙara. Farata suka shiga fatata.

"Sannu, ƙanwata," na ce. "Ga ni. Ja numfashi. Kada ki yi nishi sai na ce."

Tana haki. Ina jin kujerar na ƙara.

Allurar gudu ta kai ɗari da ashirin.

"Yanzu. Yi nishi!"

Ta kurma ihu, injin ya kurma nasa. Sitiyari na karkarwa.

"Ƙara! Kai ya fito, ƙara!"

Ina iya ganin ratsin fenti a jikin tubalan.

"Saura kaɗan, 'yar albarka. Ƙara!"

Shiru.

Sai kuka, siriri, mai tsini. Hannun ya sake ni.

Amma nauyin na nan a kan totur. Numfashin ya dawo kunnena, yana rawa.

"Me... me aka samu?"

Tambayar da na amsa sau dubbai.

"Barka. Mace ce. Uwa da 'ya lafiya lau. Kun iso."

Totur ya ɗago. Injin ya mutu. Birki ya kama, tayoyi suka yi ƙara, ƙirjina ya daki sitiyari. Da na fito da rarrafe, tsakanin hancin motar da siminti bai kai kamu ɗaya ba. Kujerar baya a bushe take. A wuyan hannuna akwai shatin farata huɗu jini na tsattsafowa.

Washegari na je gareji na nuna wa ƙanin mijina hannun. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce daga motar haɗari aka ciro injin. Wani mutum ne ya ɗauko matarsa tana naƙuda da magariba, ya kwasa da gudu, ba su kai asibiti ba.

"Ki yafe ni, matar yaya. Yau ɗin nan zan sauke shi, in jefar."

"Ka jefar da su ina?" na ce. "Mai jego ce."

Na hana shi taɓawa. Tun daga ranar nan motar ba ta sake zabura ba, ko sau ɗaya. Abokan aikina suna yi mini tsiya wai tsufa ya kama ni, don in magariba ta yi ba na danna ham, ba na kunna rediyo, kuma in na zo rami sai na lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina barin su su yi dariyarsu. Su ba sa jin ƙaramin numfashin da ke tashi a kujerar baya, ni kuwa na san wahalar da ake sha kafin jaririya ta yi barci.