Mai Farar Riga a Wurin Gayya

Can a wani gari an yi wata budurwa da ta daɗe tana tuna ranar da ta fara ganin wani saurayi mai farar riga. Farkon damina ne, an kira gayyar dashe a lambun gari, inda jama'a ke shan iska. Aka ba kowa ɗan itacen darbejiya guda, aka ce ya dasa ya raine shi.

Saurayin ya yi mata murmushi, ya ce, "'Yan mata, rigata ba ta son ƙasa." Sai ta dasa masa.

Ranar zuba taki ya ce, "Rigata ba ta son wari." Sai ta zuba masa.

Ranar shinge ya ce, "Rigata ba ta son ƙaya." Ta tsaya kewaye nasa da ƙaya, kafin ta waiwayo awaki sun cinye nata.

Da aka dama furar gayya, makaɗi ya yi ta wasa saurayin, wai itacensa ya fi na kowa. Rigar kuwa ba ta ƙi fura ba. Wani tsoho ya tambayi mai guntun da awaki suka cinye. Saurayin ya nuna ta da ludayi, ya ce, "Waccan ce, Baba. Wadda ta kasa riƙe itace ɗaya, ina za ta iya riƙe gida?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Budurwar ta miƙe, ta ɗaga murya ta ce, "Baba, kai ne shaida. Na yi alkawari, duk wanda ya ƙara yi mini murmushi, sai na duba tafin hannunsa kafin in mayar masa."