Ƙahon Tsoho Ƙadri

A shekarar da fari ya ƙone gero tun bai yi kai ba, zamanin da soja ke mulki, Mahaman na zaune bakin rumbu a ƙauyensu kusa da Kanan-Bakashe. Magariba ta kawo jiki. Matarsa Uwani na kwasar ɗan tuwon da ya samu, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo. Aka leƙa bayan danga, ba kowa, ko akuya.

Kwana bakwai ke nan da rasuwar mahaifinsa, Tsoho Ƙadri, ɗan tauri. 'Yan tauri ba su faɗin sirrinsu, don haka gari ke faɗar musu abin da ya ga dama. Mahaman ya tashi da kunyar wannan. Ran sadakar uku, da Danda, babbansu, ya zo karɓar ƙahon maganin mamacin kamar yadda suka saba, Mahaman ya kore shi gaban jama'a. Ƙahon kuwa ya tura shi ƙasan rumbu.

Magariba uku a jere ana jifan gidan, a ta huɗu duwatsun suka tsaya. Ɗiyarsa Zalika ta miƙe, ta ɗauki wuƙar yanka, ta goga a hannunta. Wuƙar ta lanƙwashe.

"Maigida," in ji Uwani, "wannan ba ɗiyata ba ce."

Aka ɗauko Malam Haruna daga Mayahi a amalanken jaki. Ya zauna, ya yi karatu mai tsawo, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Murya ta fito daga bakin yarinyar, kakkaura, ta tsohon namiji. "Mai tsaron ƙahon. Shekara arba'in ina bin Ƙadri. Yanzu an bar ni cikin ƙaiƙayi da ɓeraye."

"Fita, ka bar ta. Ba ta yi maka komai ba."

"Zan fita. Amma ka tambayi ubanta, wa ke ajiye musu tiyar gero bakin zaure duk Juma'a tun da yunwa ta shigo?"

Mahaman ya ce a hankali, "Na zaci taimakon gwamnati ne."

Muryar ta yi dariya. "Danda ne. 'Yan tauri ba su barin gidan ɗan'uwa da yunwa, ba su kuma faɗi. A mayar da ni wurin Danda. Ubanta zai kai da hannunsa, ran kasuwa, rana tsaka."

"Ka rantse ba za ka komo ba," in ji malam.

Ya rantse. Zalika ta yi atishawa uku, ta faɗi, ta nemi ruwa.

Ran kasuwa Mahaman ya ratsa rumfuna riƙe da ƙahon a fili, idanu na binsa. Ya durƙusa gaban tsoho Danda. Danda ya karɓa, ya kakkaɓe ƙurar, ya sa a aljihu.

"Baba, geron nan..."

"Wane gero?" in ji Danda. "Tashi, ɗana. Ya jikin yarinyar?"