Gurasar da Aka Rataye wa Bunyod

Gurasa ce ta ƙare musu. Shi ke nan abin da ya saukar da Bunyod daga jirgin ƙasa a wannan yammacin.

Shi da matarsa Sanobar sun baro garinsu Namangan da jakunkunan goyo, sun tsallaka ƙasar Kazak, wai sai sun ga teku da idonsu. Sanobar ce mai son tekun. Shi kam a ba shi baƙin da zai yi ta zuba wa surutu, ya ishe shi. Tun da suka hau jirgi suke rigima irin ta miji da mata: wa zai hau gadon sama, wa ya kifar da shayi a kan tawul, safar wa ke wari. Tasa ce, duk taragon ya shaida. Yau kuma ya kwashi sauran gurasarsu ya raba wa wasu ma'aikatan rijiyar mai da ya zauna yana karta da su.

"Sannu mai kyauta," in ji Sanobar. "Mu kuma sai mu ci iska ko?"

"Haba Sano, gurasa ce fa, ba zinari ba."

"Ai dama tun daga gida ka raina ta, Yaya."

Gaskiya ta faɗa. A garinsu in mutum zai yi tafiya mai nisa, uwarsa takan miƙo masa gurasa ya gutsura sau ɗaya, a rataye sauran a bango. Rabonsa na nan yana jiransa, dole ya dawo ya cinye. Ranar da za su taso, Umma, mahaifiyar Bunyod, ta fito da guda biyu. Sanobar ta gutsuri tata. Bunyod kuwa ya yi dariya har wushiryarsa ta bayyana, ya ce, "Umma, yaƙi zan tafi?" Ya saɓi jaka ya shige mota, ya bar tsohuwa tsaye da gurasa a hannu.

Rana na gab da faɗuwa jirgin ya tsaya a tsakiyar hamada. Ba tasha ba ce, wurin kauce wa jirgin kaya ne kawai. Ba gari, ba bishiya, sai farar ƙasa mai gishiri da wata 'yar bukkar laka can gefe, hayaƙi na fita ta samanta. Baljan, matar da ke kula da taragon, ta buɗe ƙofa don ta zubar da tokar tukunyar shayi, sai aka kira ta tarago na gaba. Iska ta shigo da ƙamshin gurasa mai zafi.

"Kin ji?" in ji Bunyod. "Bari in wanke laifina."

Sanobar ta juya masa baya, fushi bai sake ta ba. Ba ta ma kalli fitarsa ba, abin da har yau take cizon yatsa a kai.

Bai jima ba ya dawo hannu rabbana, yana tauna.

"Ina gurasar?"

"Wata tsohuwa ce. Ta ba ni ɗaya in ɗanɗana, ina gutsura ta karɓe, wai in jira ta fitar da sababbi." Ya lashi leɓe. "Kin san abin dariya? Ratayewa ta yi a ƙusa, irin na Umma."



Baljan na bayansu ashe. Bokitin tokar ya suɓuce mata. Ta ruga ta banko ƙofa ta murɗa makulli, ta jefa shi cikin rigarta.

A lokacin jirgin kayan ya iso. Ƙasa ta ɗauki rawa, tagogi na kaɗawa, tankunan mai baƙaƙe na wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Bunyod ya daina tauna. Ya waiwaya wajen bukkar.

"Zan je in ƙarasa abincina," ya ce, da wata murya sanyi ƙalau.

"Zauna, ɗana," in ji Baljan.

"Buɗe."

"Na ce ka zauna."

Mutumin da ko kaza bai iya yankawa, shi ne ya ɗaga hannu ya kwaɗa wa Baljan naushi a baki. Ta faɗi, haƙorinta ya gangara ƙarƙashin benci. Sanobar ta rungumo shi ta baya tana kiran sunansa. Ya finciko ta ya maka ta da tukunyar shayi, ƙarfe mai zafi ya ɗauki fatar kafaɗarta. Sannan ya fuskanci ƙofar ya shiga buga mata kansa.

Gwaf. Gwaf.

Gilashi ya tsage. Goshinsa ya tsage. Jini ya rufe masa ido, bai ko ƙifta ba.

Abokan kartarsa suka yi masa taron dangi, ƙarti masu aikin ƙarfe, amma da ƙyar suka kai shi ƙasa. Ya ciji ɗaya a kunne. Ya karya wa wani yatsa, aka ji ƙas. Yana gurnani yana jan jiki wajen ƙofa da su duka a kansa.

Baljan ta jawo Sanobar kusa, jini na bin haɓarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wadda ke cikin bukkar nan ba mutum ba ce. Duk wanda ya gutsuri gurasarta, nata ne. Bara wani ya fasa taga ya diro jirgi na gudu, ƙafafunsa suka tsaya a kan layin dogo, sauransa ya ja ciki ya koma mata. In kin ɗaure shi kin kai shi gida ma, zai dawo da ƙafa."

"To ya zan yi, Inna? Ya zan yi?"

"Sai ya cinye gurasar a waje. Amma wanda ya shiga ɗauko ta ba ya fitowa, sai in yana da tasa gurasar tana jiransa a gida."

"Ina da ita."

Baljan ta dube ta da kyau. Ta zaro makullin.

"Da wutsiyar jirgin kayan nan ta wuce, namu zai tashi. Ba ni da ikon tsayar da shi. Kome ta ba ki, kada ki kai baki."

Sanobar ta diro. Gishiri na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin silifas ɗinta. Tsoro take ji, amma haushi ma na cinta. Wawan nan nata ne, ita kaɗai ke da ikon zaginsa, ba wata tsohuwar banza da za ta raba ta da shi.

Bukkar ba ta da ƙyaure.

Daga bakin ƙofa ƙamshin ya sauya. Gurasa ce dai, amma a ƙarƙashinta akwai ƙaurin gashi da warin nama da ya kwana.

Ta yi bismilla ta shiga.

Daga waje bukkar ba ta fi ɗakin awaki ba. Ciki kuwa ba ta ga ƙarshensa ba. Tanderu na ci jajur a tsakiya. Bango kaf ƙusoshi ne, kowace ƙusa da gurasarta, kowace gurasa da gurbin haƙori guda. Wasu sun yi baƙi sun bushe. Wata gurbin ɗan mitsitsi ne, na bakin yaro.

Sai ta ji sautin tauna.

A gindin bango mutane ne zaune, sun ba ta baya, kowa ya ɗaga kai yana kallon tasa. Muƙamuƙansu na motsi, bakunansu ba kome. Na kusa da ita ba shi da ƙafafu.

"Maraba da baƙuwa."

Tsohuwar na durƙushe a bakin tanderu. Ta zura hannu cikin wutar har kafaɗa, ta daɗe tana lalube, ta zaro gurasa tana tururi. Hannun bai ƙone ba. Ya kuma fi na mutum tsawo, gwiwarsa biyu.

"Ci, 'yata. Kin sha hanya."

"Na ƙoshi, Inna."

"A gidanku haka aka koya miki? A miƙo miki gurasa ki ƙi?"

Sanobar ta kawar da kai. Idonta na bin bango. A waje ƙarar jirgin kayan ta fara sirancewa.

Wannan ba ita ba. Wannan ma.

Can ta hango ta, sabuwa, da riɗi a kai. A tsakiyar gurbin haƙorin akwai ɗan tudu siriri, inda wushiryar Bunyod ta bari.

Ta yi tsalle ta fizgo.

Duk masu taunar suka tsaya cak.

Hannun ya zo daga can bakin tanderu, tsohuwar ko tashi ba ta yi ba. Ya naɗe kitson Sanobar, ya fyaɗa ta da ƙasa, ya ja ta a kan bayanta. Ta ƙanƙame gurasar a ƙirji. Tana shuri, tana ihu, zafi na ƙaruwa a ƙeyarta.

"Gurasa ba ta fita daga gidana," in ji tsohuwar a kunnenta.

Ta kama damtsen Sanobar ta manna shi a cikin tanderu, yadda ake manna ƙullu.

Fata ta yi cuuu.

Sanobar ta ji ƙaurin namanta.

Ta buɗe baki za ta yi ƙara, tsohuwar ta nufo bakin da gurasa mai zafi. Ta datse haƙora. Gurasar na gugar leɓenta, leɓen na fashewa.

Sai wani abu ya ja ta.

Daga cibiya ya ja ta, kamar an ɗaura mata igiyar rijiya, ya yi gabas da ita, wajen gida. Tsohuwar ta riƙe kitso. Abin ya ƙara ja. Fatar kai ta yage, kitson ya tafi da tsoka.

Ta tsinci kanta a bakin ƙofa.

Dogon hannun ya biyo ta, ya cafki gefen gurasar.

Gefen ya ɓalle.

Sanobar ba ta waiwaya ba. Jirgi ya riga ya motsa. Silifas suka zube, gishiri na yanka tafin ƙafarta, a bayanta tana jin wani abu na jan ciki da sauri. Baljan ta leƙo rabin jiki a waje, ta damƙi wuyan rigarta, ta wurgo ta ciki. Ƙofa na rufuwa wani abu ya daki ƙarfen daga waje har ya lotsa.

Ƙartin na nan a kan Bunyod, duk sun yi jina-jina. Sanobar ta haye ƙirjinsa, ta matse masa hanci. Yana buɗe baki ta cusa gurasar. Ya datse yatsanta har ƙashi. Ba ta cire ba, ta ci gaba da turawa tana kuka tana zaginsa.

"Ci, ɗan rainin wayo! Ci! Ba kai ne mai raba gurasa ba?"

Ya haɗiye lomar ƙarshe. Jikinsa ya saki. Ya dube ta, ya dubi kanta da ke zubar da jini, ya ce, "Sano? Wa ya yi miki haka?"

Ba su ga teku ba. Daga asibitin garin farko suka juyo gida a mota. Da suka shiga, Umma ta nuna musu bango. Gurasar Sanobar na nan a rataye, amma ƙusar ta lanƙwashe ta kusa fita, ta tsaga bangon har ƙasa. Sanobar ta sauke ta ta cinye a tsaye, busasshiya, tana jiƙa ta da hawaye.

Gashinta bai sake tsirowa a wurin ba. Bunyod kuwa ya warke, yana zuwa aiki, yana wasa da dariya, ko kasuwa zai je sai ya gutsuri gurasar Umma.

Sai dai ɗan ɓallin nan da ya rage a hannun tsohuwar, wanda bai fi kan babban yatsa ba.

Kullum rana ta zo faɗuwa, Bunyod yakan yi shiru a tsakiyar magana. Ya ajiye kofin shayi, ya miƙe, ya fuskanci yamma, muƙamuƙinsa na motsi a hankali. Sanobar ta riga ta kulle ƙofar gida, makullin na cikin rigarta. Takan tsaya a gabansa ta riƙe hannayensa biyu har duhu ya gama sauka.

Wani lokaci yakan ce mata, cikin ladabi, "Loma ɗaya ce ta rage, Sano. Yanzu zan dawo."