Jakin Sodangi a Gidan Mode

"Ba ɗan Mode ba. Kawo man kowa cikin ƙasar ga, ko makaho na, amma ba ɗan Mode ba."

Inna Hasiya ta faɗi haka tana tankaɗe garin gero, ko kai ba ta ɗago ba.

Rahamatu ta durƙusa kusa da ita. "Inna, shi Tukur mi ya yi?"

"Jinin ubanai ya yi."

"Ai an ce Baba Mode ya rantse gaban alƙali, an sake shi..."

"Rantsuwa ba ta maido man babanki ba. Tashi ki ba ni wuri."

Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ce. Ana ta kiɗa da tutoci a Sakkwato, amma a gidan nan na Bodinga maganar dai ɗaya ce tun Rahamatu tana ƙarama. Mahaifinta Sodangi ya ɗora albasa a kan jakanyarsa ya tafi kasuwar Shagari, bai dawo ba. An tsince shi a wani kwari a gefen hanya, da sara a ƙeya. Ita kuwa jakanyar ba ta zo Bodinga ba. A Sifawa aka same ta, tsaye a ƙofar Mode, amininsa, mangala da jini.

Ba a hukunta kowa ba. Amma a wurin Inna an gama shari'a: dabba ba ta ƙarya, inda ta je nan laifi yake.

Rahamatu ta tashi da wannan magana kamar yadda ta tashi da sunanta. Ba ta taɓa tambaya ba, sai da Tukur mai gyaran keke ya fara sayen furarta a kasuwa, yana sha yana kallonta ta saman ƙwarya.

Ran kasuwa ta same shi a rumfarsa, hannu duk baƙin mai.

"Rahama ta raina, mi Inna ta ce?"

"Abin da ta saba."

Ya ajiye taya. "To mu jira. Ni ba inda za ni."

"Jira ba ya canza Inna. Tukur, wani abu na damuna. Jaki ai gida shika komawa, ko ba haka ba?"

"Haka na."

"To mi ya hana ta zo Bodinga? Mi ta je nema Sifawa?"

"Wallahi ban sani ba. Baba bai taɓa ta da zancen ba. Da an fara sai ya ɗauki buta ya fita." Ya ɗan yi murmushi don ya sauke mata nauyi. "Mu dai jakin da na sani a gidanmu guda na, wani tsoho da ya fi hakimi hutawa. Ba a aza mai kaya, ba a hawa, sai ci da birgima. In na yi magana Baba ya ce amana ta, in bar shi."

Rahamatu ba ta yi dariya ba. Hankalinta yana can kan jakanyar. Tana daka tana tunani, tana ɗebo ruwa tana tunani. Me zai sa dabbar da ta firgita ta bar hanyar gidan da take cin dusa?

Akwai wani tsoho mai sayar da goro a bakin kasuwar Bodinga, Na'Allah, wanda a da ɗan dokan En'e ne. An ce da shi aka ɗauko gawar. Ta yi ta wuce shi tana jin nauyi, har ranar da ta daure ta durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ɗiyar wa ce?"

"Ta marigayi Sodangi."

Tsohon ya daina yayyafa wa goro ruwa. Ya daɗe yana dubanta. "Allah ya jiƙan shi. Goshin nan nashi na."

"Baba, tambaya na zo yi, in ba laifi."

"Mace da tambayar kisa? To, zamani ya zo. Yi."

"Wa ya kashe shi?"

"Da na sani da ban kwana da shi ba. Mun bi sawu daga kwarin, sawun mutum biyu, har sunka shiga burtali, shanu sunka tattake. Nan munka tsaya. An tambayi 'yan kasuwa, an tambayi makiyaya, ba wanda ya ga komi."

"To Baba Mode fa?"

"Mode na gona yana ban ruwan albasa tun hantsi, mutane na ganinai. Shi ya rugo da kainai ya hwaɗa muna ga jakanyar ta zo da jini."

"Amma jakanyar... mi ya kai ta ƙofar gidanai?"

Na'Allah ya dube ta da mamaki. "Ɗanta mana."

"Wane ɗa?"

"Au, ba ku sani ba? Tana da ɗan jaki ƙarami mai shan nono. Da sunka iso Sifawa ya gaji, babanki ya ɗaure shi gidan Mode, ya ce sai ya dawo. Uwa kuwa da ta kuɓuta ina za ta? Duk an hwaɗi wanga gaban alƙali."

Rahamatu ta girgiza kai. "Inna ba ta taɓa jin haka ba."

"Ina za ta ji? Tana cikin takaba, ba ta fita, ba namijin da ke zama da ita. Abin da Baffanku ya shiga ya gaya mata shi ta riƙe. Shi kuwa, Allah ya jiƙan shi, zuciya gare shi. Ya karɓo jakanyar ya sayar, ya ce ba ya son ganin komi da ya kwana gidan nan."

Rahamatu ta manta da furar da ta ajiye. Sai a ƙofar rumfar Tukur ta tsaya, tana haki.

"Jakin nan naku na amana, shekara nawa yana gidanku?"

"Tun ina yaro. Lahiya?"

"Je ka tambayi Baba na wa na. Ka ce ɗiyar Sodangi ke tambaya. Ni ba ni iya zuwa, ka san kunya."

Tukur ya tsaya da baki buɗe. Sannan ya goge hannu, ya hau keken da aka kawo gyara, ya nufi Sifawa.

Ran Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Rahamatu ta leƙa ta ga Tukur riƙe da igiya, a bayansa wani dattijo siriri mai farin gemu, sai tsohon jaki yana kaɗa kunne.

"Inna, baƙi na."

"Su wa?"

"Baba Mode na."

Ludayin ya faɗi daga hannun Inna. "Ke ce kika kira shi? A gidan ga?"

"Inna, don Allah ki leƙa kawai. Ba shi za ki duba ba, abin da ya kawo za ki duba. In kin gani kin ce a'a, na rantse ba ni sake ambaton Tukur."

Inna ta dube ta har Rahamatu ta sunkuyar da kai. Sannan ta ja mayafi ta fito zaure.

Mode bai ɗago ido ba. "Hasiya, ban san da wane baki zan gaishe ki ba bayan shekarun ga, matar abokina. Ga ajiyar da ya bar man. Na kawo bayan kin fita takaba, anka kore ni. Na sake kawowa, anka ce kar in ƙara. Ban taɓa aza mai ko dami guda ba."

Inna ta matso. Ta zagaya bayan jakin a hankali, ta sunkuya. A cinyarsa ta hagu akwai wani tabo mai faɗin tafin hannu inda gashi bai fito ba. Ta ɗora hannunta a kai.

"Tukunyar kunu ya ture," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ni na shafa mai man shanu. Babanki na ta man dariya, wai na mai da jaki ɗa..." Ta ɗago. "Ce man anka yi uwar kaɗai ta dawo. Na ɗauka ɓarayin sun tahi da shi."

"Gidana ya bar shi da sahe. Ita kuwa wurin ɗanta ta zo."

Inna ta zauna a dakalin zaure. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Shekarun ga duka ina da wanda nika jin haushi. In na tashi shi, in zan kwanta shi. Yanzu wa ya kashe man miji, Malam Mode?"

"Ni ma tambayar da nika kwana da ita ke nan. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

Rahamatu ta rungume uwarta, su biyun suna kuka. Dattijon ya juya fuska yana goge ido da hannun riga.

Da Inna ta samu numfashi, ta dubi Tukur. "Kai ne mai keken?"

"Ni na, Inna."

"Ka tsaya riƙe da igiya kamar dogari. Ba ka ga babanka tsaye ba? Ke, ɗauko tabarma da ruwa."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Inna ta ce ba wanda zai ɗauki tabarmi da kwanonin ɗiyarta sai jakin babanta. Wannan ne kaya na farko da ya taɓa hawa bayansa.

Wanda ya sari Sodangi a kwarin nan, har Inna ta koma ga Allah ba a san shi ba, har yau ma ba a sani ba. Rahamatu ba ta daina tambaya ba, duk tsohon da ta gani daga wajen Shagari sai ta tambaye shi.

Amma ranar kai amaryar, da suka iso Sifawa, mai jan jakin ya saki igiya don ya gyara kaya. Jakin bai jira kowa ba. Ya wuce mata masu guɗa, ya bi lungu, ya je ya tsaya a ƙofar Mode.